Doguwar tafiya a keke cikin damina: tambayoyi da amsoshi

Tun da na fara ɗaure kaya a bayan keke ina zaga ƙauyukan Kano da Jigawa da gefen Daura a tsakiyar damina, tambayoyi iri ɗaya ake ta maimaita mini, a majalisa da wajen mai shayi da kuma ta waya. Wasu masu sha'awar gwadawa ne. Wasu kuwa so suke su tabbatar ko ƙalau nake. Na tattara waɗanda suka fi yawa na amsa su a nan. Abin da zan faɗa tun farko shi ne ruwan da ke zubowa daga sama bai taɓa ba ni tsoro kamar wanda ke gudu a ƙasa ba, kuma kusan duk amsoshin da ke tafe daga nan suka samo tushe.

Me ya sa damina? Ba gara a jira rani ba?

Wane ranin? In hunturu ne, iska daga arewa maso gabas take kaɗawa, ta cika maka hanci da ƙura, leɓe ya tsage. In bazara ce, daga Maris zuwa Mayu, zafi yakan haura digiri 40, kafin hantsi ruwan goranka ya koma kamar na wanka. Damina kuwa gari ya yi sanyi, daji ya yi kore shar, rijiyoyi sun kawo ruwa, shanu sun ƙoshi, nono ya wadata. Rairayin da ke kama taya da rani ya sha ruwa ya danne. Kuma ruwan ƙasarmu ba irin mai wuni yana zuba ba ne a yawancin ranaku: ya zo da ƙarfi, ya yi awa ɗaya ko biyu, ya ɗauke, rana ta fito. Wanda ya iya kauce wa waɗannan awoyin, sauran wunin nasa ne.

Wane wata ya fi dacewa?

A yankin Kano, mafi yawan ruwan shekara tsakanin Yuni da Satumba yake sauka, Agusta kuma shi ne tsakiyar marka. Farkon damina hadari yakan zo da iska mai ƙarfi da ƙura, amma ƙoramu ba su cika ba, ƙasa ma ba ta gama sha ba. Agusta ne ake samun ruwan da ke kwana ya wuni, tufafi su ƙi bushewa. Satumba ruwan sama ya ja baya, sai dai a lokacin ne manyan koguna suka fi cika, saboda duk abin da aka yi a sama sai ya gangaro. Ni zaɓina biyu ne: daga ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli, ko kuma makon ƙarshe na Satumba, lokacin da gero ya nuna ana gasa tumu a bakin gona. Sabon shiga kada ya fara da Agusta.

Wace hanya kake bi?

Zagayen da na fi so yana tashi daga Kano zuwa Wudil, kilomita 40 da ɗoriya, sai Gaya, sai Dutse. Daga nan a bi Kiyawa da Jahun a fita Gujungu, a hau zuwa Gumel da Maigatari, a juya yamma ta Babura zuwa Daura, a gangaro ta Kazaure da Dambatta a shigo gida. Duka-duka kilomita 500 ne da 'yan kai, mako guda ga mai ƙarfi, kwana goma ga mai son tsayawa ya ga gari. Ina daidaita kwanakin da ranakun kasuwa: Wudil Juma'a take ci, Maigatari Alhamis, Gujungu da Dambatta Lahadi. Ranar kasuwa akwai abinci, akwai mai gyaran keke, akwai kuma direbobi da 'yan acaɓa daga kowace kusurwa da za su gaya maka inda ruwa ya ci hanya. Kasuwar dabbobi ta Maigatari kaɗai ta isa dalilin tafiyar, musamman ga wanda bai taɓa ganin raƙuma sun cika fili ba.

Wurin da ke buƙatar hankali a wannan zagaye shi ne tsakanin Jahun da Gujungu, inda hanya ke ratsa fadamar Kogin Haɗeja. Za mu dawo kansa.

Dole sai da keke mai tsada?

A'a. Kakanninmu sun je fatauci a kan Raleigh, kuma har yau Phoenix na ɗauke da buhun hatsi daga ƙauye zuwa kasuwa. Abin dubawa shi ne wane keke ne mai gyara na ƙauye zai iya yi masa magani. Tayar Phoenix mai inci 28 da tayar keken gwanjo mai inci 26 ana samunsu kusan kowace babbar kasuwa. Waɗannan na tsere masu siririyar taya da siririn bawul kuwa, in tiyub ya fashe maka a Babura sai dai ka ɗora keken a mota, domin ko famfon mai faci ba zai kama bakinsa ba.

Ni keken gwanjo mai giya nake hawa, mai taya 26, da kariya mai ƙarfi da aka yi wa walda. Giya na da amfani in iska ta tare ka ko ka shiga hanyar burji da kaya. Amma Phoenix na da abu ɗaya da ya fi nawa: sarƙarsa a rufe take, taɓo ba ya samunta. Rauninsa birki ne.

Me ke samun birki da sarƙa in sun jiƙe?

Gargaren ƙarfe mai sheƙi, irin na Phoenix, in ya sha ruwa robar birki zamewa kawai take yi a kansa. Ka matse hannu, keke ya ci gaba da tafiya kamar ba da shi kake ba, sai taya ta yi zagaye da yawa ta share ruwan kafin ya kama. Na alminiyom ya fi shi, amma shi ma ba kamar a bushe ba. Dabarar ita ce ka riƙa ɗan taɓa birkin tun daga nesa don ya goge ruwan, kuma ka sauko da gudu kafin gangara, ba a tsakiyarta ba. Yashi da ruwa suna cinye robar birki da sauri ƙwarai, don haka ka tafi da wasu a jaka.

Sarƙa kuma ruwa yana wanke mata mai, yashi ya shiga. Kowace yamma ina goge ta da tsumma, in ɗiga mata mai kaɗan, in sake gogewa. Mutane na son labta mata baƙin mai har yana ɗiga. Wannan yashi kawai yake tarawa, ya zama kamar dutsen niƙa a kan haƙoran giya. Ɗan kwalbar man keken ɗinki ya ishe ka mako guda.

Yaya ake yi da taɓo?

Ka fara sanin irin ƙasar da kake takawa. Jigawa mai rairayi, irin ta wajen Gumel da Maigatari da Babura, bayan ruwa ta fi daɗin hawa: ta yi tauri kamar an daɓe ta, sai rana ta busar da ita sannan ta koma kama taya. Laka ta fadama akasin haka take. Da ta jiƙe sai ta manne wa taya, ta yi ta taruwa har ta cushe tsakanin taya da madigadi, keke ya tsaya cak, ba gaba ba baya, turawa ma ta gagara. Saboda haka a jigawa ka tashi da zarar ruwa ya ɗauke, a fadama kuwa ka zauna ka sha shayi, ka ba rana awa biyu ko uku ta sha kanta.

Ka riƙe ɗan tsinken itace a kusa na ƙwaƙule laka. In hanyar ta yi tsawo, kwance madigadin gaba ɗaya ka ɗaure shi a kariya. Jar hanyar burji kuma santsi gare ta, tsakiyarta ya fi gefenta. Sannan don Allah, in burtali ya cika da ruwa, kada ka ratsa ta cikin shukar mutane. Ka sauka ka tura ta gefe. Mutum ya zuba irinsa da takinsa da guminsa, ba zai ji daɗin ganin sawun taya a kan gyaɗarsa ba.

Yaya kake gane hadari zai zubar ko zai wuce?

Gabas ake kallo. Manyan hadarurrukan ƙasar nan daga gabas suke tasowa su nufi yamma, yawanci daga la'asar zuwa dare. Alamar farko ita ce gari ya yi cik, ba iska, zufa na keto maka ko kana zaune. Sai gabas ta haɗe ta yi baƙi. Daga nan sai wata iska mai sanyi ta bugo, wani lokaci da jar ƙura a gabanta. In ka ji wannan sanyin a fuskarka, lokacin shawara ya wuce, mintuna kaɗan suka rage.

Kada ka yi tsere da shi. Irin wannan hadari yakan yi tafiyar kilomita 50 a awa ko fiye, kai kuwa da kayanka da ƙyar kake yin 15. Na taɓa gwadawa, ina hango wani ƙauye a gabana, na ce ai na isa. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ruwan ya cim mini a fili, iska ta kayar da ni da keken cikin kwata.

Shi ya sa tsarina kullum ɗaya ne: da an sallame asuba na hau, in ci mafi yawan tafiyata kafin azahar, da la'asar kuma in kasance a garin da zan kwana ko kusa da shi. Hasashen hukumar kula da yanayi ta NiMet da na waya suna taimakawa wajen sanin ko ranar ta ruwa ce, amma manomin da ke tattara fartanyarsa yana ɗaure a keke tun rana na sama, shi ne hasashen da ban taɓa yi wa musu ba.

Gaskiya ne tayar roba na kare mutum daga tsawa?

Ba gaskiya ba ne. Abin da ya keto sararin sama mai nisan kilomitoci ba 'yar roba ce za ta tare shi ba. Ga lissafi mai sauƙi: in ka ga walƙiya, ka fara ƙirga daƙiƙa har ka ji ƙarar. Kowace daƙiƙa 3 kusan kilomita ɗaya ce. In bai kai daƙiƙa 30 ba, tana kusa da za ta iya samunka, ka nemi mafaka. Bayan ƙarar ƙarshe kuma ka ƙara minti 30 kafin ka fita.

Mafaka ita ce gini mai bango ko cikin mota mai rufi. Gindin bishiya, musamman wadda ke tsaye ita kaɗai a gona, shi ne wuri mafi muni, kuma nan ne ƙafa ke fara kai mutum. Darbejiyar bakin titi ma takan yar da reshe in iska ta yi ƙarfi, kwanon rufi kuma yakan tashi kamar takarda. In fili ya rutsa da kai, ka ajiye keken ka yi nisa da shi, ka nemi wuri mai ɗan kwari wanda ba hanyar ruwa ba, ka tsuguna ka haɗe ƙafafu. In kuna da yawa, ku warwatsu.

In na tarar ruwa ya yanke hanya fa?

Wannan ce tambayar da ta fi duk sauran muhimmanci. Ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba, wato ɗan sama da idon sawu, yana iya kwashe ƙafar babban mutum. Ga shi kana riƙe da keke mai kaya, wanda ruwan zai kama kamar faifai ya ja ka tare da shi. Kuma ruwan damina ja ne, ba ka ganin ƙasansa. Inda jiya kwalta ce, yau mai yiwuwa kwalbatin ya zube, rami ne ya fi tsayinka.

Ka bambance ƙorama da kogi. Ƙorama takan cika cikin mintuna ta kuma sauka cikin 'yan awoyi. Ka kafa tsinke a bakin ruwan, ka zauna, bayan rabin awa ka duba: in ruwan ya ja baya, haƙuri zai buɗe maka hanya. Ka kuma sani tana iya kawo ruwa alhali inda kake rana ake yi tar, domin a can sama aka yi ruwan. Kogi kuwa ba a jiransa. Kogin Haɗeja yana karɓar ruwan Kogin Kano da na Challawa, waɗanda dam ɗin Tiga na 1974 da na Challawa na 1992 ke riƙe da su. In suka cika a ƙarshen damina, ruwan yakan malale fadamun Ringim da Taura da Jahun da Miga da Auyo har Haɗeja, ya yi makonni. Ambaliyar 2022 ta yanke hanyoyi da dama a Jigawa, garuruwa suka koma sai da kwalekwale. In ka ji labarin haka tun daga Dutse, ka sauya hanya kawai.

Ƙa'idata ita ce ba na shiga ruwan da ban ga ɗan garin ya shiga ba. Kusan kowane mashigi akwai samarin da ke tsallakar da babura da kaya a ba su ɗan abin hasafi. Ka ba su. Sun san inda dutse yake, sun san inda rami yake. Na taɓa raina kuɗin da wani yaro ya nema a wata ƙorama, na naɗe wando na shiga da kaina. Taku na huɗu ƙasa ta ɓace, jakar abincina ta tafi, shi yaron ne kuma ya kamo keken. Na biya shi ninki biyu, na kwana da yunwa.

In za ka tsallaka da kanka a ruwa marar ƙarfi, ka fara wucewa da sanda ba kaya, ka dawo ka ɗauki jakunkuna a ka, sannan keken. Ka sa shi ta ɓangaren da ruwa ke gangarawa, don in ya kuɓuce kada ya doke ka. Ka ɗaga shi in za ka iya, saboda in ruwa ya shiga cibiyar taya da ta feda zai wanke giris, boris ya fara ƙara bayan kwana biyu.

Kwalekwale kuma, kada ka shiga da dare, kada ka shiga wanda aka cika har bakinsa na shan ruwa, ko da shi ne na ƙarshe a ranar. Mutanen Kano ba su manta da wanda ya kife a Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021 ba, inda aka rasa mutum fiye da 20, yawancinsu yara 'yan Islamiyya.

Wace rigar ruwa zan saya?

Ko wacce ka saya, za ka jiƙe. In ruwa bai shiga ta waje ba, gumi zai jiƙa ka ta ciki. Don haka na daina neman hanyar zama a bushe ina kan keke. Abin da nake tsarewa shi ne kaya kashi biyu: na hawa, wanda ya jiƙe ya bushe a jiki, da na kwana, wanda ke ƙulle cikin leda biyu, ba ya fitowa sai na shiga ƙarƙashin rufi. Da safe, komai sanyinsa, na hawan nake mayarwa. Ranar da ka ji tausayin kanka ka hau da busasshen, daren nan ba ka da abin sawa.

Na hawa ya zama yadi marar nauyi, irin rigar 'yan ƙwallo, mai saurin bushewa. Wandon jins da shadda ba su da wuri a nan. Takalmi na roba mai maɗauri a dunduniya, ba silifas ba, domin laka na cire shi. Rigar ruwan amfaninta tare iska in an tsaya, kada sanyi ya kama ka. Mai launi mai haske ta fi, don direba ya hango ka.

Jaka kuwa ba sai ta kanti ba. Buhu mai leda a ciki, a ɗaure shi da robar tsohon tiyub, yana aiki. Waya da cajar tafi-da-gidanka da kuɗi da katin shaida, kowanne da ledarsa.

Me ya sa taya ta fi yin faci da damina?

Ruwa na wanko ƙaya da kwalba da ƙusa zuwa gefen titi inda kake bi, jiƙaƙƙiyar taya na ɗaukarsu, ruwan kuma na sauƙaƙa musu shiga. Ga tsidau da ke yaɗo a gefen hanya, ga ƙayar aduwa da bagaruwa da aka yi shinge da su. Matsalar ita ce sholisho ba ya kama jiƙaƙƙen tiyub. Ka tafi da tiyub biyu sababbi: ka sauya a hanya, ka yi facin da yamma a inuwa, bayan ka goge wurin ya bushe, ka kankare shi, ka bar sholishon ya sha iska kafin ka manna. Kafin ka mayar da taya, ka shafa cikinta da yatsa a hankali. Sau da yawa ƙayar na nan a maƙale tana jiran sabon tiyub. Famfo da sifana da filaya da ɗan guntun waya su ne sauran kayan aikin.

A ina kake kwana?

A manyan garuruwa kamar Dutse da Gumel da Daura akwai masaukin baƙi. A ƙauye kuwa, wurin mai unguwa ko dagaci nake fara zuwa, tun da sauran haske. In yi sallama, in gaishe shi yadda ya kamata, "Ranka ya daɗe, baƙo ne daga Kano," in faɗi inda na fito da inda na nufa, in nuna katin shaida tun ba a tambaya ba. Shi zai ce a kai ni zaure ko ɗakin samari ko ajin firamare, tunda galibi ana hutu a Agusta. Zamanin da baƙo zai shimfiɗa tabarma a masallaci ba wanda ya san da zuwansa ya wuce. Mutane sun ga abin da ya sa suke tsoron baƙuwar fuska, kuma 'yan sintiri ba su san kai mai yawon buɗe ido ba ne.

Ka ɗaga kai ka dubi ɗakin da aka ba ka. Ginin ƙasa da ya sha ruwan kwana uku yakan zube, kuma kowace damina ana rasa rayuka ta haka. In bango ya jiƙe har sama ko ya tsage, ka nemi wani wuri cikin ladabi. Tanti a daji ba na ba da shawararsa.

Abinci da ruwan sha fa?

Fura da nono da rana, ƙosai ko waina da safe, shayi da burodi in an samu, gasasshiyar masara in ta fito. A jaka ina ajiye ƙuli-ƙuli da dabino da garin kwaki da sukari, saboda ranar da ruwa zai tsare ni inda ba kowa.

Akwai abin da ɗan birni ke mantawa. Tsakiyar damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa ne, tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai iso ba. Mai gidan da ya kawo maka tuwo, mai yiwuwa daga bakin 'ya'yansa ya rage. Ba zai karɓi kuɗin abinci ba, tayin ma zai iya ɓata masa rai. Amma goro ko sukari da ganyen shayi ko sabulu, ko ɗan abin da za ka damƙa wa yara da safe ka ce a sayi alewa, wannan ba mai mayar maka.

Ruwa kuwa na famfon burtsatse ko na leda. Rijiyar da ba ta da murfi, ambaliya na shigar mata da ƙazanta, kuma damina ce lokacin amai da gudawa. In ba yadda za ka yi, ka tafasa ko ka jefa ƙwayar tsarkake ruwa irin Aquatabs. Ka riƙe ƙullin gishiri da sukari na asibiti. In babu, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta.

Wace cuta ya kamata in fi tsoro?

Zazzaɓin cizon sauro. Gidan sauro ba ya nauyi, ka tafi da naka da igiyar ɗaure shi. Zazzaɓin kan ɗauki mako guda zuwa biyu kafin ya bayyana, don haka yana iya kama ka bayan ka dawo gida. Ka je a yi gwaji, kada ka ce gajiyar hanya ce.

Sai kududdufi. Komai zafi kada ka yi wanka a ruwan da ke kwance, nan ake ɗaukar tsargiya. Sai ƙafa: in ta wuni a jiƙe, ruwa na cin tsakanin yatsu, don haka ka wanke, ka busar, ka shafa man kaɗanya kowane dare. Haka ma inda sirdi ke gogar cinya, tun kafin ya zama maruru.

Maciji kuma lokacinsa ne, ciyawa ta rufe ko'ina. Kada ka shiga daji biyan buƙata da dare ba tocila, ka kuma kakkaɓe takalmi da safe. In tsautsayi ya faɗa, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure wurin tamau. A hana ƙafar motsi a nufi asibiti a mota ko babur. Dafin kububuwa yakan hana jini daskarewa, mutum ya ga kamar lafiya lau a ranar farko. Ba banza aka yi asibiti guda na saran maciji a Kaltungo ba.

Yaya sallah take ga wanda kayansa duk taɓo ne?

A mazhabar Malikiyya, tafiyar da ta kai mil 48, kusan kilomita 80, ana yi mata ƙasaru, sai in ka yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri ɗaya. Taɓon ruwan sama da ke fallatsa a tufafi kuwa an yi rangwame a kansa, matuƙar najasa ba ta rinjaye shi ba. Ka zauna da malaminka kafin ka tashi ya warware maka batun haɗa salloli. Ni dai kayan kwanana su ne na magariba da isha'i da asuba.

Ba ka tsoron 'yan bindiga? Kuma za a iya tsallakawa Nijar?

Ina tsoro, shi ya sa akwai inda ba na zuwa: Zamfara, yammacin Katsina, yankin Birnin Gwari, gabashin Sakkwato. Dajin Falgore ma ba na ratsa shi a keke. Lamarin na sauyawa, inda ke lafiya bara mai yiwuwa bana ba haka ba, don haka kowace safiya ina tambayar direbobin tasha game da zangon da ke gabana. Ba na tafiyar dare, ba na sanya inda zan kwana a Facebook sai na bar wurin, kuma akwai mutum ɗaya a gida da nake kira kowace yamma.

Nijar kuwa, daga Daura ta Kongolam a shiga Matamaye a wuce Damagaram hanya ce mai daɗi, kusan kilomita 240 daga Kano, ruwan can ma bai kai namu yawa ba. Sai dai an rufe iyakar bayan juyin mulkin Yulin 2023, Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris 2024, Nijar kuma ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Ka tafi da fasfo da katin rigakafin shawara da 'yan sefa, ka bi ta ƙofa, ka tambayi halin da ake ciki a ranar.

Kilomita nawa zan sa wa kaina a rana?

Wanda ke yin 100 da rani ya lissafa 60 zuwa 70 da damina, ya kuma ware kwana ɗaya cikin huɗu da ba zai yi ko taku ɗaya ba. A kan kwalta, in ana ruwa, ka sauka gefe gaba ɗaya: direban tirela ba ya ganinka ta jiƙaƙƙen gilashi, kuma kowane ɗan tafkin da ke kan titi mai yiwuwa rami ne. Ka sa jar fitila a baya ko da rana ce.

In ka dawo gida, kafin ka kwanta ramuwar barci, ka wanke keken, ka cire sandar sirdi ka kifa shi ruwan da ya taru a cikin ƙarfen ya tsiyaye. Washegari ka kai wa mai gyara ya buɗe cibiyoyin taya da ta feda ya sake musu giris, ya duba wayoyin birki. In ka jingine shi a zaure yadda ya dawo, kafin kaka tsatsa ta kama sarƙar.